Matar da Auta Ta Tare a Ƙofa

Gidan bai kai tafiyar minti biyar daga katangar asibiti ba. Ɗakuna goma sha biyu ne, da kicin ɗaya, da tsakar gida mai igiyoyin shanya da ba sa rabuwa da ƙananan riguna. Wata ƙungiyar agaji ce ta kama shi saboda yara masu ciwon daji da iyayensu, waɗanda suka taso daga nesa, magani zai ɗauke su watanni, ba su kuma da inda za su sa haƙarƙarinsu. Kwana kyauta, abinci kyauta, ga mota tana kai su asibiti ta dawo da su.

A bakin ƙofar gidan akwai famfo da sabulu da tebur, a bayan teburin kuma akwai Auta.

Shekararta uku tana aikin sa kai a wurin, aikin nata kuwa guda ɗaya ne. Maganin da ake ɗura wa yaran yana karya musu garkuwar jiki, murar da za ta sa ni da kai atishawar kwana biyu su sai ta mayar da su gadon asibiti. Don haka duk mai shiga sai ya wanke hannu ya sa takunkumi, mai tari ko mura kuwa, ko ɗan gidan uban waye, daga waje zai yi gaisuwarsa. Sista, tsohuwar nas ɗin da ke riƙe da gidan, ta gwada mutum huɗu a teburin nan kafin Auta, duk kunya ta kayar da su. Auta ga fara'a ga ladabi, amma a kan wannan doka ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Yaran gidan Anti Sabulu suke ce mata.

A nan Kafinta ya gan ta. Ƙafar gado ɗaya aka kira shi ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, ga shi yau shekara biyu kayan katakon gidan sun ƙi daina lalacewa. Sista ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin kujerar da ake gyarawa sau huɗu a wata ba, kuma a rasa wace kujera ce sai ta mai tsaron ƙofa.

Suna son juna, kowa a gidan ya sani. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne Hajiya, mahaifiyar Kafinta. Tun ranar da ta ji inda yarinyar take wuni ta ce a'a, ba ta ba da dalili ba, ba ta kuma sake yarda an tayar mata da zancen ba. A gidan su Auta kuma haƙurin Umma ya ƙare. Ta ba ta zuwa ƙarshen wata, ko dai manyan Kafinta su zo, ko ta buɗe kunne ta saurari Mai Kemis, wanda ya yi shekara yana zarya da mota mai sheƙi.

Saura kwana goma sha takwas wata ya ƙare, ranar wata Talata da hantsi, wata dattijuwa ta sauko daga tasi da ledar lemo a hannu.

Auta ta miƙe ta gaishe ta har da rusunawa, ta tambaye ta wurin wa ta zo. Matar ta ce yara ta zo dubawa, dukkansu. Tana magana tana ƙare wa Auta kallo daga ɗankwali zuwa takalmi. Ba ta rufe baki ba sai atishawa, ɗaya, biyu, sannan tari ya biyo baya, irin mai tasowa daga ƙirji.

"Mama, mura kike yi?"

"Ƙurar hanya ce."

Auta ta dubi idon matar da ya yi ja, ta dubi hankicin da ke dunƙule a hannunta. Ta zagayo teburin a hankali ta tsaya tsakaninta da ƙofa.

"Ki yi haƙuri Mama, yau ba za ki shiga ba. In kin warke, ƙofa a buɗe take."

"Ki ba ni abin rufe bakin nan naku in sa."

"Ko da shi ba za a shiga ba, Mama."

Matar ta gyara tsayuwa. "Ke yarinya, kin san ko ni wace ce?"

"Ban sani ba Mama. Amma ko mahaifiyata ce, haka zan gaya mata."

Daga nan Auta ta yi duk abin da take ganin kyautatawa ne. Ta jawo kujera inuwa, ta kawo ruwa, ta ba ta shawarar shan ruwan ɗumi da hutawa. Ta karɓi lemon da godiya, sannan a gaban idon matar ta juye shi a roba ta wanke shi ɗaya bayan ɗaya da sabulu. Ita a wurinta aikin kullum ne. Dattijuwar ba ta zauna ba, ba ta taɓa ruwan ba, ta tsaya har aka wanke na ƙarshe, sannan ta juya ta tare tasi.

Auta ta raba wa yara lemo, ta manta da zancen.

*

Da la'asar Kafinta ya zo babu jakar kayan aiki. Bai yi mata tsokanar da ya saba ba. Ya wanke hannu, don ko bacci yake yi ya san wannan, ya ce ta ba shi minti biyar a bencin bayan gida.

Ya tambaye ta ko wata tsohuwa ta zo da safe da lemo. Ta ce ta zo, baiwar Allah, mura ta kama ta sosai, ta so ma ta yi rigima.

"Hajiya ce," in ji shi.

Auta ta dafa bencin.

Ashe sati uku ya yi yana lallashin mahaifiyarsa, ta je kawai ta ga yarinyar da idonta, in ba ta yi mata ba ya haƙura. Ta yi ta ƙi, sai yau ta shirya ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta dawo gida ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Abin da kawai ta ce da shi, yarinyar da yake mutuwa a kanta ta kore ta kamar mai kuturta, har lemonta sai da aka yi masa wanka.

Hawaye suka zubo wa Auta. "Me ya sa ba ka nuna min hotonta ba ko sau ɗaya? Shekara biyu fa."

"Hajiya ba ta yarda a ɗauke ta hoto." Ya sunkuyar da kai yana murza tafin hannunsa da zarto ya yi wa kanta. "Amma gaya min gaskiya. Da kin san ita ce, da kin bar ta?"

Ta tagar ɗaki na uku ana jiyo Gimbiya, yarinya 'yar shekara shida da aka ɗura wa magani shekaranjiya, tana yi wa 'yar tsanarta faɗa don ta ƙi shan kunun ƙarya.

"Da na durƙusa har ƙasa na ba ta haƙuri," in ji Auta cikin kuka. "Amma da ban bar ta ba."

Kafinta ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. Ya ce ya sani, abin da ya sa yake sonta ke nan, abin da kuma zai raba su ke nan in Allah bai kiyaye ba.

Kafin magariba labari ya zagaye gidan. Kicin kuwa nan ne majalisar iyaye mata, ana yanka albasa ana yanke hukunci. Maman Gimbiya ta ce ita a garinsu ba ta taɓa jin wadda ta fara korar suruka tun kafin a ɗaura ba, yawanci sai an kwana biyu. Aka kwashe da dariya, har Auta sai da ta murmusa da jajayen idanu. Wata ta ce su haɗu su je su ba da haƙuri a madadinta. Sista ta ce babu inda za su, matar mura take yi.

Gimbiya ta fito da hular ulu a kanta, ta hau cinyar Auta ta leƙa fuskarta. Ta tambaya ko allura aka yi wa Anti Sabulu. Da aka ce mata a'a, sai ta ce to kukan me take yi, ita da aka yi mata uku ba ta yi ba. Auta ta rungume ta, ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Duk abin da zai faru, yarinyar nan jikinta babu zafi yau.

A gida kuwa babu mai dariya. Yaya Babba ya ce dama shi ya faɗa, aikin da ba albashi ba fansho, ga shi zai ci mata aure. Umma ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce ita ba haka ta yi mata tarbiyya ba, a ce sa'ar uwarta ta tsaya a rana ta hana ta shiga gida.

"Na ba ta kujera a inuwa, Umma."

"Rufe min baki da inuwarki."

Kwana biyu bayan haka Mai Kemis ya bayyana a gidan yara da katan-katan na sabulu da madara, da wani mai ɗaukar hoto a bayansa. Ba mugun mutum ba ne, a ba shi haƙƙinsa, madarar kuma ta yi amfani. Sai dai yana wanke hannu yana gaya wa Auta cewa shi mahaifiyarsa ba ta da matsala, kuma in sun yi aure ba sai ta ƙara wahalar zama a ƙofar mutane ba, zai riƙa aiko da kaya da sunanta, lada ɗaya ne. Auta ta miƙa masa tawul, ta ce masa bai wanke tsakanin yatsu ba.

Umma ce ta sauko da kanta bayan sati, don uwa ba ta iya ganin 'yarta tana juya cokali a abinci ba ta kai baki. Ta zaunar da ita ta koya mata abin da za ta faɗa. Ta je ta durƙusa, ta ce kuskure ne, ba ta gane ta ba, da ta san ita ce da da kanta za ta riƙo hannunta ta shigar da ita.

"Umma, ƙarya ke nan fa."

"Ƙaryar da za ta gyara miki aure ce. Tsohuwa girmanta take so a mayar mata, ba wani abu ba. Kalma nawa ce? Ki faɗa ki huta."

Auta ta kwana biyu tana juya kalmomin a bakinta. A gaban madubi suna fita sumul. Da zarar ta zauna a teburinta ta ga yaran suna dawowa daga asibiti a jingine da kafaɗun iyayensu, sai su maƙale.

*

Saura kwana biyar wata ya ƙare Kafinta ya zo da saƙo. Hajiya ta warke, ta ce a kawo mata yarinyar.

Falon Hajiya ƙarami ne, tsaf-tsaf, kujerun duk aikin hannun ɗanta. Tana zaune a kan doguwar, da carbi a hannu, fuskar nan babu alamar wasa. Auta ta zube a kan dadduma ta gaishe ta, ta yi mata ya jiki. Kafinta ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biyan tara.

Auta ta ba da haƙuri, ta ba da na gaske. Ta ce ta bar babba a tsaye, ta wanke kyautarta a gabanta ba tare da ta yi mata bayani ba, wannan rashin hankali ne, a yafe mata. Hajiya ta saurara har ta gama. Can ta ajiye carbin.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Da kin san ni ce uwarsa, da kin buɗe min?"

Kalmomin Umma suka zo har bakin Auta. Ta ɗago ta dubi Kafinta, ya kawar da kai, bai roƙe ta da ido ba, bai kuma hana ta ba. Ta san in ta faɗi gaskiya, wataƙila wannan ce shigarta gidan nan ta farko da ta ƙarshe.

"A'a, Mama." Hawaye na ɗiga a bayan hannunta. "Ina son ɗanki, Allah ya sani. Amma akwai yara tara a gidan can ranar, uku an ɗura musu magani a satin. Iyayensu suna iya runtsawa ne don sun san ina ƙofar. Da na buɗe miki, da na ci amanarsu."

Hajiya ta zuba mata ido, sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai, shekararka nawa babanka ya rasu?"

"Goma sha ɗaya, Hajiya."

"Me aka ce maka ya kashe shi?"

"Ciwon ƙirji."

"Ciwon daji ne." Ta faɗi sunan a hankali, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi. "Ban taɓa gaya maka ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Kafinta ya zame daga tsugune ya zauna daɓas.

Ta ba su labarin ba tare da ta dubi kowa ba. An yi masa magani wata biyar, har likita ya fara murmushi, ya ce ana samun nasara. Aka sallamo shi gida ya huta kafin zagaye na gaba. Likitan ya ja ta gefe ya gargaɗe ta, kada ta bar mutane su cika masa ɗaki, mai tari ko mura kada ya matso kusa. Ta ce to. Amma ta ɓoye sunan ciwon, to da wane baki za ta hana 'yan dubiya? Suka yi ta zuwa, dangi da abokai da maƙwabta. Ranar ta huɗu babban wansa ya zo daga tafiya yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Ina tsaye a ƙofar ɗakin can," ta nuna da haɓa. "Na buɗe baki zan yi magana. Sai na ce a raina, wan mijina ne, ya girme ni, me za a ce da ni? Na matsa masa ya wuce. Har ruwa na kai masa. Ya wuni a gefen gadon yana riƙe da hannunsa."

Kwana uku zazzaɓi ya rufe mijin nata. Kwana tara aka yi jana'iza.

"Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an yi min wa'azi ba. Amma shekara ashirin da biyu, ban taɓa wuce ƙofar can ban tuna na matsa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Shi ya sa da ka ce min ga inda take aiki na ce a'a. Ba na son ko sunan ciwon ya sake shigo min gida. Ranar da na je kuwa, niyyata in samo mata aibi in huta. Sai ta tsaya a gabana, 'yar ficiciya da ita, ta yi abin da na kasa. Na dawo na rufe ɗaki, kai kana tsammanin fushi nake. Fushin na kwana ɗaya ne. Sauran kuka na yi ta yi."

Kafinta ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta rasa wanda za ta lallasa, ita ma kukan take.

Hajiya ta bar su suka yi mai isarsu. Sannan ta ja numfashi, ta koma Hajiyarta ta da, ta ce wa ɗan nata ya tashi ya daina jiƙa mata dadduma, ya je ya gaya wa kawunsa ya shirya, jibi za su gidan su yarinyar nan. Ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda aka tasa daga bacci, ya fita, ya dawo ya ce na gode, ya sake fita.

Suka rage su biyu. Hajiya ta miƙa hannu ta kamo na Auta, ta jawo ta har ta zauna kusa da ita a kan kujerar.

"Ban ba ki shi kyauta ba, akwai sharaɗi. Aikinki ba za ki bari ba, wannan ɗaya. Na biyu kuma, ni ma na tsufa, wata rana zan kwanta. Dangina kin gan su nan, yawa gare su, ɗana kuma kunyata ya gado." Ta matse hannun. "Ranar da na kwanta, ke za ki zauna min a ƙofa."

Auta ta ɗora ɗaya hannun a kan na tsohuwar.

"Zan zauna, Mama."